Ranar da Inna Ta Tsare Hasumiya

Da Sista ta faɗi garin da za ta je hutu, abokan aikinta na ɗakin masu karaya sai da suka yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata, a asibiti da gida, har mahaifiyarta in tana jin tsokana. Wata daga cikinsu ta ce, "Mutane na tafiya bakin teku, wasu manyan birane su sayo kaya, ke kuma sai garin da ko direban bas ba ya tsayawa shan ruwa? Me za ki gani, tsofaffin bangaye?"

"Su ɗin," in ji Sista.

Ba ta gaya musu sauran ba. Ta zaɓi garin ne don an ce mata shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa ba gangara, ba cunkoso, kuma da Inna za ta tafi. Sannan akwai aike. Inna tana zaune ita kaɗai a saman wani tsohon bene, a ɗakunan da ta raine su duka, kuma tun ranar da santsi ya kwashe ta a matattakala ta gurɗe gwiwa, Yaya ya kafe sai ta dawo gidansa. Ya gyara mata ɗaki a ƙasa, da banɗaki a ciki, da sabuwar fanka. Inna ta je ta leƙa, ta ce Allah ya yi albarka, ta koma benenta ta rufe ƙofa. Shi ne Yaya ya kira Sista ya ce, "Ke tana jin maganarki, ke ce mai fararen kaya. Ki kai ta ta sha iska, in ranta ya yi sanyi ki shawo mana kanta. Kar ku dawo ba amsa."

Sista kuwa ra'ayinta ɗaya da nasa, kar a yi mata ƙarya. Wanda aikinsa juya tsofaffi masu karyayyen ƙugu a kan gado ba ya kallon matattakala yadda sauran mutane ke kallonta. Amma duk sanda ta gyara murya a jirgin ƙasa za ta ɗauko zancen, sai Inna ta dafa mata cinya ta ce ta dubi waccan gonar, ko ta leƙa ta tambayi matar kujerar gaba inda ta sayi mayafinta. Har suka sauka Sista ba ta sami ƙofa ba.

Garin kuwa, duk wanda ya raina shi bai je ba ne. Da can kogi ne ke kawo masa fatake da dukiya. Da aka yi babbar hanya ta kewaye shi, sai duniya ta bi kwalta ta manta da shi, shi kuma bai bi ta da roƙo ba. Titunansa na dutse ne da ƙafafu suka goge har suna sheƙi, lungunan kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe. Ƙofofin gidajen gajeru ne masu kauri, sai ka sunkuya za ka shiga, ko kai wane ne. Kasuwar mai rufi ce, rabin shagunanta a kulle, masu sauran rabin kuma in suka ga baƙo sai ka rantse ɗansu ne ya dawo daga tafiya. Mai gyaran agogo ya fito musu da kujeru. Mai sayar da kayan tagulla ya ba su shayi, Inna ta yi ta taya wata tsohuwar buta har ya sallama, sannan ta ce ai dama gwaji take yi, ta ji ko bakinta bai mutu ba. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya ƙara mata shayi.

Inna ta sake, Sista ce ta kasa. Jakarta ta fi ta Inna nauyi, cike da na'urar awon jini da man zafi da bandeji da ƙwayoyi kala-kala. Duk inda dutse ya ɗan ɗago sai ta ce a kula, duk inda ta ga benci sai ta ce a zauna. A gaban wata tsohuwar kotu mai ginshiƙai, tana kiciniyar naɗa wa Inna abin awo a dantse, Inna ta ce, "Wai ni yawon buɗe ido aka kawo ni, ko gado aka ba ni a asibitinku?"

Abin da mai ba ta labarin garin ya manta bai faɗa ba shi ne hasumiya. Tana tsakiyar gari tsaye ƙiƙam, ta jan dutse, wadda masu tsaro na zamanin da suke hawa su hango jiragen ruwan fatake tun daga nesa. Kowane lungu ka bi, in ka ɗaga kai ita ce a ƙarshensa. Sista ta yi ta zaɓen hanyar da za su ba ta baya, ta ga abin ba ya yiwuwa. Inna kuwa kallon hasumiyar kawai take yi, irin kallon da take wa yadi a kasuwa in ta riga ta yanke shawara.

Uwar masaukinsu ce ta ɓata shirin. Mace ce mai fara'a da ba ta iya ajiye magana, ga shi ta daɗe ba ta yi baƙi ba. Da safe tana zuba musu shayi ta ce, "Ai wanda bai hau hasumiya ba bai zo garin nan ba." Sista ta yi mata ido, ta yi tari, ta ture cokali ya faɗi ƙasa. Matar ta ɗauke cokalin ta goge ta ci gaba, har da faɗin lokacin da ake buɗewa.

Da ta fita, Inna ta ajiye kofinta ta ce, "Sista, tun a jirgi kike tauna magana kina haɗiyewa, har na fara jin tausayin maƙogwaronki. Yayanki ne ya aiko ki."

Sista ta kawar da kai tana gyara kofinta.

"To ga sauƙi. Mu je hasumiyar can. In na kasa kaiwa sama, ki kira shi ya turo motar kwasar kaya, ko uffan ba zan ce ba. In na kai, kar wanda ya sake yi min zancen ɗakin ƙasa."

"Inna, wannan ai ba abin wasa ba ne."

"Gidana ma ba abin wasa ba ne."

Sista ta shiga lissafi irin na masu aikinta. Ta ga tsawon hasumiyar, ta kuma san gwiwar nan ciki da bai. Kafin a je ko'ina gwiwar za ta isar da saƙon Yaya da kanta, ba gardama, ba hawaye, ba wanda za a ce ya yi wa uwa rashin kunya. Sai ta ce to, ta ƙara bandeji a jaka.

Mai tsaron hasumiyar dogo ne mai furfura, yana zaune a bakin ƙofa da rediyonsa. Ya dubi Inna, ya dubi sandarta, ya gyara zama zai faɗa mata yawan matakan, ta ɗaga masa hannu.

"Riƙe lissafinka, malam. In ka faɗa, ƙafata za ta ji."

Ya yi murmushi ya gaya musu dokar wurin. Matattakalar mutum ɗaya take ci, ba a wuce juna a cikinta. In ayari ya shiga, waɗanda ke sama ba sa saukowa sai ayarin ya kai an kaɗa ƙararrawa. Yanzu haka ma akwai wasu a saman suna kallon gari.

A bayansu kuwa mutane sun fara taruwa. Akwai wani mai tumbi da kyamara rataye a wuya, akwai wasu biyu da ko ba a faɗa ba ka san ango da amarya ne, don jaka ɗaya suke rigimar wa zai riƙe wa wani, sai wata malamar makaranta da ɗalibanta 'yan mata. Sista ta raɗa wa Inna cewa su bari kowa ya wuce tukuna.

"Ni na riga su zuwa," in ji Inna. "A asibitinku ma ai layi ake bi." Ta miƙa wa mai tsaro sandarta ta ce ya ajiye mata, ta yi bismillah ta shige.

Ciki duhu-duhu ne, da sanyin dutse da warin tattabaru. Matattakalar tana murɗawa kamar katantanwa, tsakiyar kowane mataki ya loɓa don tsufa, ga igiya mai kauri an bi bango da ita. Inna ta kama igiyar da hannu biyu. Ta ɗora ƙafa mai lafiya, ta jawo ɗayar ta same ta, ta numfasa, ta sake. Sista na bayanta da hannuwa a buɗe, tana mamaki, don haka dai suke koya wa marasa lafiya a ɗakinsu, kuma ita ba ta taɓa koya wa Inna ba.

"Wa ya nuna miki wannan?"

"Matattakalar gidana. Ta fi ki daɗewa a aikin."

Ba a yi nisa ba mai tumbi ya fara huci. "Baiwar Allah," ya ce wa Sista, "haka za mu yi ta yi har magariba?" Kunya ta rufe Sista, ta rasa inda za ta sa kanta. Inna ko waiwaye ba ta yi ba, ta ce mai gaggawa ya yi tsalle ta kanta, ita ba ta hana ba. Wata ɗaliba ta ƙyalƙyale da dariya can ƙasa, malamarta ta tsawatar, amma kana jin muryar ka san ita ma dannewa take.

Jefi-jefi akwai 'yar siririyar taga a bango, a nan Inna take hutawa. Sai ta kara ido ta faɗi abin da ta gani, a yi ta miƙa shi baya baki-baki: an kai tsawon rufin kasuwa, an wuce kan bishiyoyi, ga kogi ya fito. Tsakani kuma ta shiga harkar mutanen da ko fuskarsu ba ta gani.

"Amarya, kina nan?"

"Ina nan, Inna," wata murya ta amsa daga bayan kwana.

"Yana riƙe da jakar, ko ya gaji?"

"Yana riƙe."

"To ki bar masa. In ya saba tun yanzu kin huta."

Angon ya ce a yi masa adalci, aka sa masa dariya. Wani ya ɗauko gorar ruwa, ta bi hannu-hannu ta hau ta sauko. Ɗalibai suka fito da alewa. Can sai ga murya daga sama tana gangarowa, masu jiran sauka suna tambaya ko lafiya. Inna ta ɗaga kai ta ce, "Lafiya lau. Ku ƙara kallon gari, ai ba a ƙara muku kuɗi ba."

Mai tumbin nan da ke gaggawa kuwa, tuni ya canza waƙa. Numfashinsa har bango yake amsawa. Da Inna ta wuce wata taga ba ta tsaya ba, sai ya ce cikin ladabi, "Inna, ki ɗan huta mana, kar ki wahalar da kanki."

"Ni ban gaji ba."

"Ki huta dai, don girman Allah."

Dariyar da aka yi sai da tattabaru suka tashi. Sista ma ta yi, irin wadda ta manta rabonta da ita, har ta jingina da bango.

Daga nan ne matakan suka ƙara tsayi. Maganar Inna ta ragu, sannan ta ɗauke gaba ɗaya. Sista ta ga ƙafar mai ciwo tana rawa, ta ga hannun da ke kan igiya ya daɗe bai matsa ba. A hankali Inna ta juya ta zauna a kan mataki. Gumi ya jiƙa mata goshi, ta rufe ido, ta dafe gwiwa da hannu biyu. Layin duka ya yi tsit, don shiru ma yana bin matattakala kamar yadda dariya ke bi.

To, ga abin da Sista ta zo nema ya samu. Kalma biyu kawai za ta faɗa, ya isa, kuma ta san Inna ba ta saɓa alkawari. Za a juya, a sauka, a kira Yaya, motar kaya ta zo. Ta buɗe baki, sai ta dubi fuskar uwarta a ɗan hasken tagar, ta ga ba ciwo ne ya fi yawa a cikinta ba, tsoro ne. Tunda take ba ta taɓa ganin Inna tana tsoro ba. Nan take ta ji ba ta son wannan nasarar ko kaɗan, ta ji ma haushin kanta da ta zauna tana jiranta.

Ta durƙusa a matakin ƙasa, ta buɗe jakar nan mai nauyi. Ta shafa man zafi ta murza gwiwar da kyau, ta naɗe ta da bandeji tamau yadda ta iya, ta ba ta ruwa. Ta riƙe wuyan hannunta ta saurari bugun jini har ta gamsu. Sannan ta miƙe, ta sa muryar da take tayar da masu son jiki daga gado, ta ce, "Inna, tashi. Kin tare wa mutane hanya."

Inna ta buɗe ido ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta. Sai bakinta ya motsa, ta ce, "Ji min mara kunya," ta miƙa hannu ta kama igiya.

Sauran hawan ba a yi shi da surutu ba. Sista ta sa kafaɗa a bayanta, duk matakin da aka ci ɗalibai su yi tafi ɗaya, mai tumbi yana ta "sannu Inna, sannu Inna," ba ka sanin ita yake wa ko kansa. Haske ya fara ƙaruwa, iska ta shigo, sai ga hannuwa sun miƙo daga sama. Mutanen da aka tsare tun ɗazu ne, maimakon su yi fushi sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna jiran su ga ko wace ce. Suka jawo ta, wani ya tashi daga kan dakali ya ba ta wuri. Da ayarin ya gama fitowa aka miƙa mata igiyar ƙararrawa. Ta kaɗa sau ɗaya yadda doka ta ce, ta ƙara na biyu don ra'ayin kanta.

Gari duka ya kwanta a ƙarƙashinsu, jajayen rufi, da kogi yana lanƙwasa, da babbar hanyar can nesa motoci na gudu ba su san abin da suka wuce ba. Kowa ya shiga ɗaukar hoto. Inna kuwa da numfashinta ya dawo, ta ja jiki ta dafa katangar da ta kewaye saman, ta leƙa ƙasa.

"Sista, zo ki ga. Matar can mai shanya a kan rufi, fushi take. Dubi yadda take yarfa kaya."

Sista ta duba, ita dai mace ta gani da kwando.

"Ga wanda ya ɓata mata rai can a tsakar gida, yana gyaran keken da ba abin da ya same shi. Shi kuma mai burodin kwanar can, tun ɗazu yake leƙen hanya, akwai wanda bai zo ba."

Mai tumbi ya juya kyamararsa ya jawo hoton kusa, ya daɗe yana kallo, ya ce wallahi keken lafiyarsa ƙalau.

"Haka nake yi kullum a tagata," in ji Inna, ba ta ɗauke ido daga ƙasa ba. "Na san wanda ya makara, na san wadda cikinta ya fito, na san wanda ya sami aiki tun kafin ya gaya wa matarsa, daga tafiyarsa. Mai shagon ƙasa in ya buɗe sai ya ɗaga kai ya gaishe ni. In bai gan ni ba, hawowa yake ya buga ƙofa. Ɗakin yayanki mai kyau ne, Allah ya saka masa da alheri. Amma tagarsa katanga take kallo."

Sista ta tuna duk zuwan da take yi gidan. Takan shiga da jakarta, ta ja kujera ta ba tagar baya, ta yi awo, ta ƙirga ƙwayoyi, ta tafi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar abin da ake kallo ba. Abin ya yi mata ciwo, ya kuma ba ta dariya, wai sai da ta yi doguwar tafiya a jirgi ta hau hasumiyar mutane kafin ta san tagar gidansu.

Ta koma gefe ta kira Yaya.

"Ya ake ciki? Ta yarda?"

"Yaya, ka nemo mai walda ya sa ƙarfen riƙewa a matattakalar Inna, hagu da dama. A sa ƙwan lantarki mai haske a kowace kwana. Matakin da ya gutsure kuma a gyara shi kafin mu dawo."

"Ke da na aika?"

"Ni ɗin."

"Wai kuna ina ne nake jin iska haka?"

"Saman hasumiya."

"Ita ma?"

"Ita ce a gaba."

Ta ji ya sauke numfashi, sannan ya saki dariya, yana cewa shi dama ya san akuya ya aika wurin kura, a ba shi Inna. Sista ta miƙa wayar. Inna ta ce a gaya masa tana da aiki, ta kira shi in ta sauka.

Sista ta zo ta tsaya kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Iska tana kaɗa musu mayafi. Amarya da ango suna can suna gardamar wa ya rufe ido a hoto, malama tana tattara 'yan matanta. Inna ta laluba ta kama hannun 'yarta, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ita.

"Ba na ce har abada ba. Ranar da na kasa, ba sai an aiko kowa ba. Da bakina zan faɗa, kuma ke zan fara gaya wa."

Sista ta matse hannun ta ce, "To, Inna."

"To share idonki, mutane na kallo. Ki duba min can, ga mutumin ya bar keken ya hau rufi yana taya ta shanya."